Kwalbar da Malama Ta Bari

A hawa na biyu, can ƙarshen baranda inda famfo ba ya rufuwa sosai, akwai ɗakin gwajin da ake kiwon ƙwayoyin bakteriya. A cikinsa akwai wani dattijo da ɗalibai suka naɗa wa sarauta ba da izinin kowa ba, suna ce masa Sarkin Kwalabe. Shekara ashirin da biyu ya yi yana wanke kwalabe, yana dafa romon da ƙwayoyin suke ci, yana zuba abin da aka gama aiki da shi a tukunyar tururi don ya mutu kafin a zubar. Aikinsa ke nan, bai taɓa raina shi ba, kuma bai yarda wani ya raina masa ba. In ka ɗaga kwalbar da ya wanke ka duba a hasken taga, sai ka rantse babu komai a hannunka.

Mai ɗakin wata farfesa ce, gajeruwa, mai kaifin harshe, kowa Malama yake ce mata. Ba ta iya yabo ba. In aiki ya yi kyau sai ta ce "to," in bai yi ba kuwa har ƙasan bene za a ji. Duk rayuwarta ta tattara ta a kan ƙwaya iri ɗaya, wadda ta ɗebo da hannunta shekara goma sha tara da suka wuce daga laka a wani kududdufi mai ruwan tsami. Tuni aka cike kududdufin aka jera shaguna a kai. Malamai daga wurare masu nisa sun rubuto suna roƙon ta ɗan sam musu irin, ta ce sai ta gama rubutunta tukuna, rubutun kuma ya ƙi ƙarewa. Saboda haka duk duniya babu inda ƙwayar nan take sai wuri biyu: ƙananan bututai a akwati na uku cikin babbar firizar da ke baranda, da kwalba ɗaya da take juyawa a kan injin jijjiga a ɗakin Malama.

Sau ɗaya tak Sarki ya taɓa ganin abin da yake dafa wa abinci. Wata rana ce da hantsi, yana goge tebur, Malama ta ɗago kai daga na'urar ƙara girma, fuskarta a sake, abin da ba a saba gani ba.

"Sarki, ajiye tsumman nan ka zo ka gani."

Ya goge hannu a riga ya sunkuya, ya kanne ido ɗaya. Da farko haske kawai ya gani. Can sai ga wasu 'yan sanduna ƙanana birjik, kowanne an kafe shi ta gefe ɗaya, yana ta wulwulawa a wuri guda. Wani ya yi dama, ya tsaya cak, ya koma hagu.

"Ikon Allah! Ranki ya daɗe, ai waɗannan fanka ce."

"Ba ka yi ƙarya ba," in ji ta. "Kowacce tana da inji a cikin fatar jikinta. Inji na gaske, mai zobe da ke juyawa da wasu 'yan turaku a kewaye da suke tura shi, dukkansu da sinadarin furotin aka gina su. A jikin injin akwai wutsiya, in ya juya sai ta murɗa kamar farfela, ƙwayar ta yi iyo ta tafi neman abinci. Ni na gutsure musu wutsiyar na liƙa guntun a gilashi, shi ya sa jikin ne yake juyawa a madadinta."

"To wa yake ba shi wuta?"

"Wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa ne suke kwarara daga waje zuwa ciki ta cikin turakun, kamar yadda ruwa yake tura dabaran niƙa. Na sauran ƙwayoyi, in ruwa ya yi tsami sosai sai ya tsaya. Na waɗannan ba ya tsayawa. Dalilin nake nema tun kafin gemunka ya yi fari."

Ya so ya ƙara kallo, amma ta riga ta janye kujera. Ta cire ƙaramin gilashin na'urar ta kulle a aljihun tebur, ta jefa makullin a jaka kamar kullum. Da ya koma gida ya ba matarsa labari, ta ce ita dai ba ta ga abin da zai sa mace mai hankali ta tsufa tana kallon wutsiyar abin da ba a gani ba. Shi kuwa tun daga ranar ya daina ganin romon nan a matsayin ruwan ɗumi mai wari. Ya san akwai masu rai a ciki, kuma suna aiki.

Abu biyu ne a ɗabi'ar Malama suka daɗe suna ci masa rai, ko da yake bai taɓa furtawa ba. Na farko rowa. Romon da take sa shi ya dafa tsararo ne, ɗan gari kaɗan a ruwa mai yawa, ba sukari ko ƙwaya. Ɗakunan da ke maƙwabtaka da su romonsu har wani ja-ja yake yi don kauri, nasu kuwa kamar an wanke tukunya. Na biyu ɓarna. Duk ranar Litinin sai ta miƙo masa kwalbar makon jiya, lafiyarta ƙalau, ta ce ya dafa ya zubar, ta je firiza ta kankaro sabo ta fara daga farko. Wani lokaci kuma ta sa shi ya dafa wani romo mai ɗan kauri da yake daskarewa da laushi a faranti, ta soka tsinken waya a tsakiya, washegari ta ɗiba daga can bakin gefe. Ya dafa wannan ya fi sau ɗari. Bai tambaya ba, don a ganinsa mai wanke kwalba ba ya tambayar farfesa dalili. Ita ma ba ta faɗa ba, don bai taɓa zuwa mata a rai cewa akwai ranar da zai buƙaci sani ba.

Ranar wata Laraba da safe Malama ta faɗi. Tana tsaye tana rubuta kwanan wata a jikin kwalba, alƙalamin ya suɓuce, ta bi shi da kallo kamar ba nata ba, sai ta sulale ta jingina da ƙafar tebur. Sarki ne ya tallafe kanta har aka kawo abin ɗauka. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren dama, har da magana.

Da ya dawo ɗakin da yamma, injin jijjiga yana nan yana aikinsa, kwalbar tana kai, da rabin kwanan wata a jikinta. Ya tsaya ya dube ta. Ya san in aka bar su a tsohon romo kwana da kwanaki za su mutu. Ya kuma ga yadda ake ɗiban ɗigo daga tsohuwar kwalba a zuba a sabuwa kusa da harshen wuta, ya gani har ba adadi. Washegari ya yi hakan da hannunsa, yana cewa a ransa, in ta dawo mako mai zuwa ta tarar da su da ƙarfinsu.

Mako mai zuwa ya zo ya wuce. Ɗalibanta biyu aka raba su ga wasu malamai kamar kayan gado, suka kwashe littattafansu suka yi masa sallama. Ɗakin ya rage daga shi sai ƙarar inji.

A mako na biyar aka rufe makarantar hutun kwana huɗu. Sarki yana shigowa ta ƙofar baya kullum ya sabunta kwalbarsa ya fita, bai bi ta barandar gaba ba. Tsautsayi kuwa ba ya wuce ranarsa. Firizar ta mutu tun daren farko, ba wanda ya ji. Ranar da aka dawo, wari ne ya yi wa mutane maraba tun daga matakala, don ba kayan Malama kaɗai ke ciki ba, har da naman gwaji da jinin wasu ɗakuna. Kafin Sarki ya iso, shugaban sashe ya riga ya sa an kwashe komai an kai wurin ƙonawa. Ya bi su da gudu, dattijo da shi, takalmi ɗaya a hannu. Hayaƙi ya tarar.

Ya hau ofishin shugaban sashe yana haki. Mutumin yana waya, ya rufe bakinta da tafin hannu.

"Yallaɓai, akwati na uku. Na Malama ne, babu irinsu ko'ina."

"Sun riga sun lalace, Baba. Ba ka da wani a ɗaki?"

"Akwai kwalba ɗaya."

"To ai shi ke nan. Ka riƙa sabunta musu romo, ba za su mutu ba. In an gyara firiza sai a san abin yi."

Ya koma wayarsa. Shi masanin tsirrai ne, kuma ba ƙarya ya yi ba, ba za su mutu ba. Firizar kuwa aka rubuta takarda a kanta, takardar ta tafi inda takardu suke tafiya.

Sarki ya je asibiti da niyyar faɗa wa Malama. 'Yarta, wadda ta ajiye aikinta ta zo jinya, ta tare shi a bakin ƙofa.

"Baba, don girman Allah, in labarin ba mai daɗi ba ne ka bar shi a nan waje. Likita ya ce kada a tayar mata da hankali."

Ya haɗiye maganarsa ya shiga. Malama tana kwance, ta ƙanƙance, bakin ya karkace. Harshen nan da ake ji har ƙasan bene ya kasa ɗaga kalma ɗaya. Tausayi ya kama shi har ya rasa inda zai sa idonsa. Ya durƙusa a gefen gado ya ce, "Ranki ya daɗe, 'ya'yanki suna nan lafiya. Kullum ina ba su abinci." Ta yi wani ɗan murmushi da rabin baki, ta motsa yatsun hagu. Ya fito yana jin an ɗora masa amanar da ta fi ƙarfin wuyansa, kuma ya ƙudura ko zai mutu sai ya sauke ta.

Daga nan fa kiwo ya kankama. Ƙarfe bakwai na safe yana ɗakin, ranar aiki da ranar hutu, ruwa ko rana. Ya kunna wuta, ya ƙona bakin kwalba, ya ɗebi ɗigo ya zuba a sabon romo, ya rubuta kwanan wata da irin rubutunsa mai kama da tafiyar kaza. Da zazzaɓi ya kwantar da shi, sai da ya lallaɓa ya je ya dawo sannan ya yarda ya sha magani. Ranar da ƙanensa ya aurar da ɗa a wani gari, ya aika da gaisuwa da uzuri, har yau ƙanen bai gama hucewa ba.

Kuma tunda yanzu shi ne mai ɗaki, sai ya gyara abin da ya daɗe yana ganin kuskure ne. Ya ninka garin romo. Ya je ɗakin maƙwabta ya ga suna zuba sukarin gwaji, shi ma ya auna cokali ya zuba. Ya ƙara wa injin jijjiga sauri don iska ta ratsa ko'ina, abinci ya kai ga kowa. Marayu ne, in ji shi, ba za a haɗa musu maraici da yunwa ba.

"Malam, ko jikokinka ba su samu gatan nan ba," matarsa ta ce wata safiya tana miƙa masa hula. "Su in sun zo sai ka ce sun cika ci. Waɗannan kuwa da ko gaishe ka ba sa yi, har da sukari."

"Jikokina suna da iyaye. Waɗannan ni kaɗai gare su."

"To Allah ya ba da lada. In sun girma ka ce su saya maka mota."

Ya yi dariya ya fita. A wata na uku ya lura da wani abin da ya faranta masa rai ƙwarai. Da, in ya zuba ɗigo da safe, sai la'asar romon yake yin gauraye. Yanzu kafin azahar ya yi kauri, fari fat kamar an zuba madara. Ya ɗaga kwalbar a hasken taga yana murmushi shi kaɗai. Ga abin da ƙoshi yake yi, ya ce. Da Malama ta ga wannan da ta san rowa ba ta da amfani.

Wata bakwai cif Malama ta yi kafin ta sake ganin ɗakin. Maganarta ta dawo, amma a hankali, kalma-kalma, kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu. Hannun dama bai dawo ba, ƙafar ma haka. Likitoci sun ce aiki ya ƙare mata, 'yarta kuma za ta tafi da ita garin da take aure a ƙarshen mako. Malama ta ce ba inda za ta sai ta ga ɗakinta. Ta yanke shawarar aika irin ga wani tsohon abokin karatunta, ya ƙarasa abin da ta kasa.

Sarki ya share ɗakin sau biyu, ya sa rigarsa ta zuwa biki. Da 'yar ta turo Malama a keken marasa lafiya ta shigo, ya durƙusa har ƙasa.

"Sannu da zuwa, ranki ya daɗe. Sannu, sannu. Ya jiki?"

"Da sauƙi, Sarki. Ka... tsufa."

"Ai ke kika bar ni da aiki."

Ta dubi teburinta, ta dubi injin jijjiga, ta ja numfashi. Sannan ta ce, "Je firiza. Akwati na uku. Ɗauko bututu biyu."

Bai tashi daga durƙuson ba. Ya dubi 'yar, 'yar ta kau da kai. Sai ya faɗa mata duka, hutun kwana huɗu, da warin, da hayaƙin. Yana magana yana kallon tayar keken. Hannun Malama na hagu ya damƙe hannun keken har jijiyoyi suka fito.

"Amma kada ki damu," ya yi sauri ya ce, ya miƙe ya ɗauko kwalbar da hannu biyu ya kawo gabanta. "Ga su nan. Waɗanda kika bari ranar nan ne, ban bari sun mutu ba. Dubi yadda suka yi kyau."

Ta daɗe tana kallon farin romon.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da kika faɗi. Ko kwana ɗaya ban tsallake ba, Allah ne shaida."

"Kullum... a kan injin?"

"Kullum."

"Ba ka sa su a faranti ba? Mai laushin nan?"

"A'a, ranki ya daɗe. Na ɗauka wannan na gwajinki ne."

"Romon fa? Wannan ba nawa ba ne."

"Na ɗan gyara shi," ya ce, har da 'yar fara'a. "Na ƙara gari, na sa sukari. Tun wata na uku kafin azahar suke cika kwalba."

Malama ta rufe ido. Da ta buɗe sai ta ce wa 'yarta ta duba jaka ta ciro ƙaramin makulli. Ta sa Sarki ya buɗe aljihun tebur, ya ɗaura gilashin a na'urar, ta riƙa gaya masa abin da zai yi: ɗigo ɗaya, a tsarma shi da ruwan gishiri, a rufe da siririn gilashi. Ya yi duka yadda ta ce. Aka matso da keken, 'yar ta tallafe ta, ta sa idon hagu. Ta murɗa, ta matsar da gilashin, ta sake murɗawa. Babu abin da ake ji sai injin jijjiga da ɗigar famfon baranda.

"Duba," ta ce.

Ya sunkuya. Suna nan, sun fi na wancan karon yawa nesa ba kusa ba, ɓul-ɓul da su, sun cika ko'ina. Ba mai iyo ko ɗaya. Sai ɗan karkarwar da kowane ɗan datti yake yi a cikin ruwa. Ya jira wata ta motsa. Ya ƙara jira.

"Barci suke yi?" ya tambaya, muryarsa ta yi ƙasa.

"A'a."

"Ko sanyin ɗakin ne? Bari in..."

"Sarki. Zauna."

Ya zauna a kan ɗan bencinsa na wanki. Ta yi maganar a hankali, tana hutawa tsakanin kalmomi, kuma ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi masa tsawa irin ta da, da ya fi masa sauƙi.

"Gina injin nan yana cin ƙarfi. Da wutsiyar, da juyawar, duk ƙarfi ne. A laka dole ne, wadda ba ta iyo ba ta ci. Amma a kwalbar da ake jijjigawa, abinci yana zuwa har baki. Cikin miliyoyi, kullum akan haifi ɗaya da injinta ya lalace. Ita ba ta ɓata ƙarfi a gini, sai ta fi sauran saurin haihuwa. Yau ta fi su da kaɗan, gobe da kaɗan. Kai kuma kullum kana ɗiban ɗigo. Shi ya sa nake zubarwa duk Litinin. Shi ya sa nake ɗiba daga gefen faranti, don masu iyo ne kaɗai suke kaiwa can." Ta tsaya ta haɗiye yawu. "Ranar da ka ga sun fara cika kwalba da wuri, jikokin mai lalataccen injin ne suka cinye gidan."

Sarki ya dubi kwalbar. Ya tuna yadda ya tsaya a taga yana murmushi. Garin neman gira ya rasa ido, kuma idon ba nasa ba ne.

"Ashe ni na kashe su."

"Ba su mutu ba. Abin da nake nema a jikinsu ne ya tafi."

'Yar ta ce, "Mama, ya isa haka, mu tafi." Malama ta ɗaga mata hannu.

"Shekara nawa kana dafa mini farantin nan?"

"Sun fi goma sha biyar."

"Ka taɓa tambayata na mene ne?"

"Ban taɓa ba."

"Ni ma ban taɓa gaya maka ba. Magana ce ta minti biyu." Ta juya kai ta dubi bango. "Kuma mutum shida suka roƙe ni irin nan. Na hana."

Kafin su tafi ta ba shi abu ɗaya da ya rage. Wataƙila, ta ce, cikin dubban miliyoyin nan akwai 'yan ƙalilan da injinsu yake nan. Ya dafa romo tsararo irin nata, ya zuba a faranti mai laushi, ya soka a tsakiya, ya ajiye a ɗumi. In akwai mai iyo, zai ga wani zobe fari-fari ya buɗe daga wurin sukar ya nufi gefe. In ya gani ya ɗiba daga bakin zoben ya kira ta. Ba ta ce tana sa rai ba, shi ma bai tambaya ba.

Faranti arba'in ya zuba a ranar. Washegari ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a hasken taga. A kowanne akwai ɗigo fari a tsakiya, daidai inda tsinken ya shiga, ya yi kauri ya zauna abinsa. Ya ba su kwana uku, ɗigon ya ƙara kauri, bai matsa ba. Ya sake zuba arba'in, ya rage kaurin ko ya yi musu tauri. Ya sake wasu da ɗan tsami, ko za su tuna kududdufinsu. Wata safiya ya ga kamar inuwar zobe a faranti ɗaya, ya yi sauri ya goge murfin da hannun riga, sai inuwar ta bi hannun rigar. Gumin tururi ne. Duk wannan lokacin bai daina sabunta kwalbar ba, da romo tsararo yanzu, ko da yake ya san an makara. Matarsa ta daina tsokanarsa. In ya dawo sai ta dubi fuskarsa ta ajiye masa ruwa, ba ta tambaya.

Bayan mako uku ya kira lambar da 'yar ta bar masa. Yana tsaye a tsakiyar ɗakin, farantai jere a kan kowane tebur. Aka kai wa Malama wayar, ya ji numfashinta kafin muryarta.

"Sarki."

"Ranki ya daɗe. Ya ƙarfin jiki?"

"Faɗa mini."

"Ɗari da sittin na zuba. Ba wanda ya fita."



"To," ta ce. "Dafa su."

"Ranki ya daɗe, suna da rai fa."

"Na sani."

"Ko in ƙara mako ɗaya? Wataƙila in na..."

"Sarki, ka gaji. Ni ma na gaji. Dafa su ka huta." Ta yi numfashi sau biyu. "Ba wanda ya taɓa riƙe mini amana kamar kai. Ka yafe mini."

Shekara ashirin da biyu yana jiran kalmar yabo daga bakin matar nan, ga ta ta zo, kuma da zai iya da ya mayar mata da ita. Ya buɗe baki zai ce ita ce za ta yafe masa, amma an riga an karɓi wayar daga hannunta. Ya ji muryar 'yar tana cewa za su sake kira, wayar ta mutu.

Ya tattara farantan ya jera a kwando. Ya je wurin injin jijjiga ya kashe shi, ɗakin ya yi wani irin shiru da bai taɓa ji ba. Kwalbar tana da ɗumi a tafin hannunsa. Ya sassauta murfinta kamar yadda ƙa'ida ta ce, ya sa ta a tsakiyar tukunyar tururi, ya rufe, ya ɗaure marfin, ya kunna. Minti ashirin tukunyar take ɗauka. Ya jawo bencinsa ya zauna a gabanta, allurar ma'aunin zafi tana hawa a hankali, ya rufe fuska da hularsa ya yi kuka irin wanda rabonsa da shi tun rasuwar mahaifiyarsa.